Gidauniyar Rockefeller: Dukiyar Mai da Ikon Zaɓen Abin da Za a Magance

Duk maniyyacin da zai tashi daga Kano, Sakkwato ko Yamai zuwa ƙasa mai tsarki sai ya nuna katin nan mai ruwan ɗorawa, shaidar cewa an yi masa allurar rigakafin cutar shawara. Ba kowa ya san cewa ƙwayar cutar da ake haɗa wannan allura da ita ta samo asali ne daga jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi ba, wanda aka ɗiba a shekarar 1927. Kuɗin da aka yi aikin da su kuwa daga asusun wani attajirin Amurka suka fito, mutumin da a zamaninsa ba a cika samun wanda jama'ar ƙasarsa suka tsana kamarsa ba.

An haifi wannan attajiri, John D. Rockefeller, a 1839, ya kafa kamfanin Standard Oil a 1870, a lokacin da kananzir na fitila ne babban abin da ake nema a jikin ɗanyen mai. Cikin shekara goma kamfanin ya mamaye kusan kashi 90 cikin 100 na tace mai a Amurka. Ba da ƙwazo kaɗai ya kai ga haka ba. Yana ƙulla yarjejeniyar sirri da kamfanonin jirgin ƙasa su rage masa kuɗin dako, yana karya farashi har ƙananan 'yan kasuwa su durƙushe, sannan ya saye su. 'Yar jarida Ida Tarbell ta tona waɗannan dabaru a littafinta na 1904, kuma a 1911 Kotun Ƙolin Amurka ta ba da umarnin a tarwatsa kamfanin zuwa gida 34. Abin mamaki, tarwatsawar ƙara masa arziki ta yi, domin hannayen jarinsa a sababbin kamfanonin darajarsu ta hau.

A gefe guda, mutumin mai riƙo da addininsa ne, ɗan cocin Baptist, wanda tun yana ƙaramin akawu yake rubuta kowane kwabon da ya bayar sadaka a ɗan littafinsa. Da dukiya ta bunƙasa, wasiƙun neman taimako suka yi masa yawa, sai ya ɗauki wani malamin coci, Frederick Gates, ya zama mai ba shi shawara. Wannan Gates ɗin ba shi da dangantaka da Bill Gates na yau, sunan ne kawai ya zo ɗaya. Shi ne ya ja kunnen maigidansa cewa dukiyar tana taruwa fiye da yadda ake raba ta, kuma idan ba a yi mata tsari ba za ta danne shi da 'ya'yansa da jikokinsa. Shi ne kuma ya kawo ra'ayin da har yau Gidauniyar Rockefeller ke tafiya a kansa: maimakon a riƙa bai wa marar lafiya kuɗin magani ɗaya bayan ɗaya, a nemo tushen cutar a tumɓuke shi.

Kafa gidauniyar bai zo da sauƙi ba. Tun daga 1910 aka yi ta neman majalisar dokokin tarayya ta ba ta lasisi, majalisar ta ƙi. Tsohon shugaban ƙasa Theodore Roosevelt yana cikin masu ganin cewa yawan sadaka ba ya wanke hanyar da aka bi aka tara dukiya. Wasu kuma tsoronsu daban ne: asusu mai girma haka, wanda ba ya mutuwa, kuma babu mai zaɓen shugabanninsa, wa zai taka masa burki? Da abin ya gagara a Washington, sai aka koma jihar New York, wadda ta amince a ranar 14 ga Mayu, 1913. Manufar da aka rubuta gajeriya ce, wato inganta jin daɗin bil'adama a duk faɗin duniya. Kafin ƙarshen 1914 Rockefeller ya zuba dala miliyan 100. A watan Afrilun wannan shekarar ne kuma aka yi kisan Ludlow a jihar Colorado, inda dakarun jiha da masu gadin kamfani suka auka wa sansanin ma'aikatan haƙar kwal masu yajin aiki, aka rasa rayuka kusan 20, har da mata biyu da yara goma sha ɗaya. Iyalan Rockefeller ne ke da babban kaso a kamfanin kwal ɗin. Don haka masu zargin cewa gidauniyar sabulun wanke suna ce ba su rasa hujja ba.

Tsarin irin wannan gidauniya ya yi kama da waƙafi: asalin dukiyar ana tsare shi, ana juya shi a kasuwannin hannun jari da sauran harkoki, ribar ce ake rabawa. Ba ta yawon neman gudummawa daga jama'a kamar ƙungiyoyin agaji. Dokar harajin Amurka ta ɗauke mata mafi yawan haraji, amma da sharaɗin ta kashe aƙalla kashi 5 cikin 100 na darajar dukiyarta kowace shekara a kan ayyukan alheri, ta kuma bayyana wa hukuma da jama'a waɗanda ta ba kuɗi da adadin da ta ba su. Dukiyar Gidauniyar Rockefeller a yau ta kai dala biliyan da dama, saboda haka kashi biyar ɗin nan ɗaruruwan miliyoyi ne. Kwamitin amintattu ne ke tsara alƙibla, kuma su ne ke zaɓen waɗanda za su gaje su. Ma'aikatan shirye-shirye su ne ke nemo jami'o'i, cibiyoyin bincike, hukumomi da ƙungiyoyin da za su iya aikin. Yawanci gidauniyar ce ke zuwa wurinka, ba kai ne za ka aika mata takardar koke ba.

Aikin farko na tsutsar ciki ne, irin wadda ke shiga jiki ta tafin ƙafar mai tafiya ba takalmi, ta shanye masa jini. An fara yaƙi da ita a jihohin kudancin ƙasar Amurka tun 1909, da magani da gina masai da wayar da kai, sannan gidauniyar ta kai aikin ƙasashe da dama. Ba a kawar da tsutsar ba, amma an koyi darasi: ba a yin lafiyar jama'a sai da ma'aikata masu horo. Daga nan ta ba da kuɗin kafa makarantar kiwon lafiyar jama'a ta Jami'ar Johns Hopkins a 1916, ta taimaka wa ta Harvard da ta Landan, ta gina babbar kwalejin likitanci a birnin Beijing na ƙasar Sin.

Labarin shawara shi ne ya fi kusa da mu. A 1925 gidauniyar ta kafa cibiyar binciken cutar a Yaba, Legas. A 1927 masu binciken suka sa jinin Asibi a jikin wani nau'in biri da aka kawo daga Indiya, birin ya kamu, aka samu hanyar riƙe ƙwayar cutar a ɗakin gwaji, aka kuma tabbatar ba bakteriya ba ce kamar yadda fitaccen masanin nan ɗan Japan, Hideyo Noguchi, ya ɗauka. Aikin ya ci rayukan masu yin sa. Adrian Stokes ya rasu a Legas a 1927, Noguchi ya rasu a Accra a 1928, dukansu da cutar da suke bincike. A New York, Max Theiler ɗan Afirka ta Kudu da abokan aikinsa suka yi ta renon ƙwayar a cikin naman ɗan tayin ɓera da na kaza, zubi bayan zubi, har ta yi laushi ta daina kisa amma tana tayar da garkuwar jiki. A 1937 aka samu allurar da ake kira 17D, aka gwada ta a Burazil, Theiler ya karɓi lambar Nobel a 1951. Tafiyar ba ta rasa tuntuɓe ba, don a 1942 wani kason allurar da aka haɗa da ruwan jinin mutane ya harbi dubban sojojin Amurka da ciwon hanta. Aka cire ruwan jinin daga haɗin, allurar ta ci gaba har yau.

Sai noma. A 1943 gidauniyar ta fara aiki da gwamnatin Mekziko, shekara guda bayan haka masanin noma Norman Borlaug ya shiga. Ya samar da irin alkama mai jure cutar tsatsa, daga baya ya haɗa shi da wani gajeren iri daga Japan, wanda ba ya kwanciya ko an ba shi taki da yawa. A tsakiyar shekarun 1960 Indiya da Pakistan suka karɓi irin, amfanin gona ya ninka cikin 'yan shekaru, Borlaug ya sami lambar Nobel ta zaman lafiya a 1970. Tare da Gidauniyar Ford aka kafa cibiyar binciken shinkafa a Filifin a 1960, sannan cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan a 1967, wadda ke da reshe a Kano inda ake aikin inganta wake.

Nan ne kuma sukar da ta fi nauyi take. Sabon iri yana son taki da ruwa da kuɗin sayen su, saboda haka mai babbar gona da rijiyar burtsatse ya fi cin moriya, ƙaramin manomi ya biyo baya ko ya sayar da gonarsa. A yankin Punjab ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya sosai. Tun a 1941 masanin labarin ƙasa Carl Sauer ya gargaɗi gidauniyar kada ta raina irin gargajiya na manoman Mekziko, ba a saurare shi ba. Da ita da Gidauniyar Gates suka kafa ƙungiyar AGRA a 2006 don a maimaita nasarar a Afirka, Kofi Annan ya zama shugaban kwamitinta na farko, kuma har yanzu ƙungiyoyin manoma da dama na cewa alkawarin ninka amfanin gona bai cika ba, an kuma fifita masara a kan gero da dawa. Akwai tabon da ya fi wannan muni: a shekarun 1920 da 1930 kuɗin gidauniyar sun shiga cibiyoyin bincike a Jamus da ke nazarin fifikon jinsi, ilimin bogi da 'yan Nazi suka yi amfani da shi.

A ganina, ba daidai ba ne a ce duk abin yaudara ce, domin allurar shawara ta ceci mutanen da ba su taɓa jin sunan Rockefeller ba. Amma tsoron 'yan majalisar 1910 bai tsufa ba. Ministan lafiya ko na noma ana iya kiransa gaban majalisa, ana iya kayar da jam'iyyarsa a zaɓe. Amintattun gidauniya babu mai sauke su, alhali idan suka ce wannan cutar za a sa gaba ko wancan amfanin gonar za a inganta, jami'o'i da ma'aikatun ƙasashe matalauta sukan karkata zuwa inda kuɗin yake. Hatta mutanen da ke tsara manufofi sukan fito daga cikinta: Akinwumi Adesina ya yi shekaru yana aiki da ita da kuma AGRA kafin ya zama ministan noma na Najeriya a 2011.

Yanzu, ƙarƙashin Rajiv Shah da ya karɓi shugabanci a 2017, hankalin gidauniyar ya koma kan wutar lantarki, abinci da sauyin yanayi. A 2021 ta haɗa kai da Gidauniyar IKEA da asusun Jeff Bezos suka kafa ƙawancen samar da makamashi mai tsabta, musamman ƙananan tashoshin hasken rana ga ƙauyukan da layin wuta bai kai ba, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da ake aikin. Kafin nan, a watan Disambar 2020, ta sanar da janye jarinta daga kamfanonin man fetur, gas da kwal, sahun da ExxonMobil da Chevron suke ciki, waɗanda dukansu daga ɓaraguzan Standard Oil na 1911 suka tsiro.