Wa Zai Tsawata wa Admin?

Duk wanda ke zauren WhatsApp na ajinsu ya san ƙarfin admin: shi ke shigar da mutum, shi ke fitar da shi. To, ina ga a ce zauren nan kundin ilimi ne da ɗaliban ƙasa guda ke karantawa?

Wikipedia, wadda aka buɗe a 2001, 'yan sa-kai ne ke rubuta ta, kuma harsuna da yawa suna da nasu sashen, har da Hausa. A cikin marubutan ake zaɓen admin, a ba su ikon goge shafi, ko kulle shi, ko toshe mai ɓarna. Aikinsu tsaro ne, ba su ke yanke abin da za a kira gaskiya ba.

A sashen harshen Kuroshiya, wasu tsirarun admin masu zazzafan kishin ƙasa sun yi kane-kane na shekaru. Suka riƙa sassauta labarin ta'asar gwamnatin Ustasha a Yaƙin Duniya na Biyu, har da sansanin Jasenovac inda aka hallaka Sabiyawa da Yahudawa da 'yan ƙabilar Roma. Wanda ya yi gyara sai a toshe shi. A 2013 abin ya kai ministan ilimin ƙasar, Željko Jovanović, ya shawarci ɗalibai su guji sashen.

Daga baya aka gano jagoransu yana da asusun bogi da dama da yake ƙara wa ɓangarensa ƙuri'a. Aka kore shi gaba ɗaya, aka sauke wasu, kuma a 2021 Gidauniyar Wikimedia ta fitar da rahoto kan lamarin.

Me ya ba su dama? Marubutan sashen ba su da yawa, kuma wanda aka zalunta sai dai ya kai kuka gaban waɗanda suka zalunce shi. A sashen Ingilishi kuwa, akwai kwamitin shari'a da aka kafa a 2003, mai ikon tuɓe admin. Sannan duk gogewa da toshewa suna shiga rajistar da kowa zai iya dubawa.

Don haka kafin ka kwafi bayani don aikin gida, buɗe tarihin shafin ka ga wa ya sauya me. A zauren ajinku ma, ku rubuta doka tun ana zaman lafiya: laifin da ke jawo kora, wurin kai ƙara, da yadda za a sauke admin idan ya wuce gona da iri.