Scallop: Kalmar Turanci guda da ke ba masu fassara zuwa harshen Finlan wahala

A birnin Sydney na Ostireliya, idan mutum ya shiga shagon soyayyen kifi ya ce a ba shi "scallop", mai yiwuwa a miƙo masa yankan dankalin turawa da aka tsoma a kwaɓin fulawa aka soya.

A gidan abinci a Landan kuwa, kalmar na nufin naman wata halittar teku mai tsada. Wajen tela kuma, sunan wani ado ne na bakin tufa.

Mai fassara wannan kalma zuwa harshen Finlan ba shi da kalma guda da za ta ɗauke duk waɗannan ma'anoni. Dole ya fara gano wacce ake nufi, kuma a harkar abinci kuskure na iya kai mutum asibiti.

Wace halitta ce?

Asalin scallop halittar teku ce mai ɓawo biyu masu siffar mafici, da zane-zane da suka taso daga gindi zuwa baki. Wanda ya san tambarin kamfanin mai na Shell ya san siffarta, domin tun 1904 kamfanin ke amfani da hoton ɓawonta.

Tana da ƙananan idanu da kan kai 200 jere a bakin ɓawon, kuma tana iyo ta hanyar buɗe ɓawon da rufe shi da sauri.

Turanci ya aro kalmar ne daga tsohon Faransanci, inda "escalope" ke nufin ɓawo.

Mutanen Finlan suna kiran ta "kampasimpukka". "Kampa" shi ne matajin kai, "simpukka" kuma duk wata halittar ruwa mai ɓawo biyu. Sunan ya zo daidai da na Latin, "pecten", wanda shi ma mataji yake nufi.

Ba a samun ta a gaɓar Finlan saboda Tekun Baltik ba shi da gishiri sosai, sai dai a shigo da ita daga waje.

Yadda ma'anar ta yaɗu

A Turanci, siffar ɓawon ce ta haifi ma'anar ɗinki: bakin mayafi ko labule da aka yi wa lanƙwasa-lanƙwasa a jere. A nan harsunan biyu sun haɗu, domin masu saƙa a Finlan na cewa "simpukkareunus", wato baki mai siffar ɓawo.

A kicin ne suka rabu. Abin da Amurkawa ke kira "scalloped potatoes" dankali ne da aka yanka siriri aka gasa da madara ko kirim, babu ko ɗigon abincin teku a ciki. A Finlan sunansa "kermaperunat", wato dankalin kirim, ko "perunagratiini".

Haka nan a Amurka kalmar kan nufi siririn yankan nama mara ƙashi. Wannan kuma "leike" ne a harshen Finlan.

Ko a cikin Ostireliya bakin bai zo ɗaya ba. Soyayyen dankalin da ake kira scallop a jihohin New South Wales da Queensland, a jihar Victoria "potato cake" ake ce masa.

Ita ma "simpukka" tana da nata rassan. Tana shiga sunan halittu da dama da Turanci ya ba kowacce suna daban, kamar "sinisimpukka" mai baƙin ɓawo. Likitoci kuma na amfani da ita ga wani sashe na cikin kunne mai siffar katantanwa, wanda ke taimaka wa ji.

Inda haɗarin yake

Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar abincin teku. Da sun ci sai ƙuraje su feso, fuska ta kumbura, wani lokaci numfashi ya sarƙe.

Dokar Tarayyar Turai ta 2011 kan bayanan abinci, wadda ke aiki a Finlan, ta lissafa abubuwa 14 da dole a sanar da mai saye idan suna cikin abinci. Ta raba halittun ruwa masu ɓawo gida biyu: dangin ƙaguwa da jatan lande, waɗanda Finlan ke kira "äyriäiset", da dangin scallop da dodon koɗi, wato "nilviäiset".

Turancin yau da kullum kuwa ya haɗe rukunan biyu a kalma ɗaya, "shellfish". Mai fassarar da ya mayar da ita "äyriäiset" kawai ya zubar da rabin gargaɗin, kuma scallop na cikin rabin da ya zubar.

Kuskuren na iya juyawa ta ɗaya ɓangaren. Idan aka fassara sunan gasasshen dankalin Amurka da "kampasimpukka", za a tsorata mai saye da abincin da ba zai cutar da shi ba.

Shi ya sa ƙamus kaɗai ba ya isa. Kafin ya zaɓi kalma, mai fassara na bukatar sanin ƙasar da rubutun ya fito da abin da ke cikin tukunyar.