FAIFAN GARMAHO DAGA HAYES ZUWA WATARI

Duk wanda ya riƙi tsohon faifan garmaho ya karkata shi wajen haske, zai ga waɗansu 'yan lambobi da haruffa a zane jikin faifan, tsakanin inda waƙa ta ƙare da takardar da ke manne a tsakiya. Yawancin masu faifai ba su taɓa kula da su ba. A ƙauyukan da ke bakin kogin Watari, daga Bagwai zuwa gefen Bichi, inda mai bincike kan iya cin karo da irin waɗannan faya-fayai a ƙasan adaka ko a rataye jikin bango, abin da aka sani game da faifai shi ne sunan makaɗi da amshin waƙarsa. Amma a wurin kamfanin da ya buga shi, lambar nan ita ce sunan yankan faifan. Da ita aka shigar da shi cikin littafin kamfani ran da aka ɗauki muryar makaɗin, da ita kuma ake iya gane ranar da aka yi waƙar.

Kamfanin da sunansa ya fi fitowa a kan faya-fayan makaɗan Hausa shi ne EMI na Ingila. Asalinsa wani kamfani ne mai suna Gramophone da aka kafa a Landan cikin shekarar 1898, wanda ya gina ma'aikatarsa a garin Hayes, yamma da Landan. Shi ne mai tambarin nan na kare zaune yana sauraron garmaho, watau HMV. A shekarar 1931 ne ya haɗu da abokin gasarsa Columbia suka zama kamfani guda, aka raɗa masa suna EMI. Haɗuwar nan ta tattaro sunaye da yawa ƙarƙashin inuwa ɗaya, har da Zonophone da Parlophone da Odeon. Saboda haka mai faifai a Watari yana iya riƙe faya-fayai uku masu tambari daban-daban, alhali kuwa duk 'yan gida ɗaya ne.

Tun kafin haɗuwar, kamfanin ya riga ya sa ido a kan kasuwar Afirka ta Yamma. Daga 1927 zuwa 1929 ya tara waɗansu 'yan Afirka ta Yamma mazauna Ingila, ya ɗauki waƙoƙinsu a Landan da tambarin Zonophone, aka yi jigilar faya-fayan ta jirgin ruwa zuwa garuruwan bakin teku. Cikin harsunan da aka rera waƙoƙin har da Hausa, tare da Yarabanci da Fanti da Ga da Wolof. Watau ke nan Hausa ta shiga littafin kamfanin ne daga wani ɗaki a ƙasar sanyi, nesa da fadar kowane sarki da dandalin kowane gari. Sai daga baya aka fara aiko da injiniyoyi da kayan aiki. Odeon ya ɗauki waƙoƙi a Ikko a farkon shekarun 1930, Parlophone kuma ya zo Ikko da birnin Ankara na ƙasar Gwalkwas, Ghana ta yau, a 1936.

YADDA AKE CIKA LITTAFI

Aikin ɗaukar murya a wancan zamani aiki ne na lissafi. Injiniya yakan ɗora wani faifai na kaki mai taushi a kan na'ura, allura ta riƙa zana muryar a jikinsa yayin da makaɗi ke waƙa. In an yi kuskure babu gyara, sai a jingine wannan kakin a ɗauko wani. Kowane ɗauka yana da lambarsa, ana kuma rubuta ko na farko ne ko na biyu ko na uku. A takardar ranar akan sa kwanan wata, da sunan makaɗi, da sunan waƙa, da harshen da aka yi ta. Sa'an nan a shirya kakin cikin akwati a aika Hayes, inda za a yi masa zubin ƙarfe, a riƙa buga faya-fayan sayarwa da shi. Su kuwa faya-fayan sayarwar, da wani irin ƙaro ake yin su wanda wani ƙwaro ke fitarwa a itatuwan ƙasar Indiya, shi ya sa suke da nauyi, da sun faɗi kuma sai su tarwatse kamar kasko.

Abin da ya fi shafar makaɗin Hausa a cikin wannan tsari shi ne lokaci. Faifai mai faɗin inci 10, mai juyawa sau 78 a minti, ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti 3 a kowace fuska. To, waƙar Bahaushe kuwa ba a san ta da agogo ba. Makaɗin fada mai kotso ko taushi yakan kafa amshi, ya riƙa ɗora ɗiya a kai gwargwadon yadda ya ga fuskar ubangidansa. Makaɗin jama'a mai kalangu ko kukuma, shi kuwa taro ne ke ja masa waƙa: wannan ya fito ya yi kari a ambace shi, wancan ya aiko da riga a yi masa ɗa guda, har dare ya raba. A ɗakin ɗaukar murya babu ubangida, babu mai kari, babu 'yan kallo, sai makirfo da Bature mai ɗaga hannu in lokaci ya cika. Dole makaɗi ya zaɓi ɗiya uku ko huɗu ya bar sauran, ko kuma a raba waƙar biyu, mai saurare ya tashi ya juya faifai a tsakiyar magana.

Wannan batu ya kamata ɗalibai masu nazarin waƙa su riƙe shi da kyau. Abin da ke kan tsohon faifai gutsuren waƙa ne, wanda aka yanka daidai da faɗin faifan. Wanda ya auna fasahar makaɗi da minti ukun nan kaɗai, ya yi kamar mai auna gona da abin da ya gani a bakin hanya. Sai da manyan faya-fayai masu juyawa sau 33 suka yaɗu, waɗanda aka fara fitarwa a Amurka a 1948, masu ɗaukar wajen minti 20 a fuska ɗaya, sa'an nan waƙar Hausa ta sami wurin miƙe ƙafa.

KUƊIN GYAƊA

Ta yaya faifan da aka buga a Hayes ya isa ƙauyen da ba shi da lantarki? Amsar tana ga gyaɗa da jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, daga shekarar da ta biyo kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Ƙasar da ke arewa da yamma da birni, ciki har da yankin Watari, ƙasa ce mai yawan jama'a, gona na jingine da gona, ana noma ta kowace shekara da taki ba hutu, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa. Manyan kamfanonin da ke sayen gyaɗar, irin su UAC da aka kafa a 1929, su ne kuma ke shigo da kayan kanti: atamfa, da fitila, da keke, da garmaho. Jirgin da ya sauka da buhuna shi ke hawowa da akwatuna.

Garmaho ya dace da ƙauye domin ba ya bukatar wuta ko batir. Wana shi ake yi da hannu kamar agogo. Abin da yake ci kawai allura, wadda ka'ida ta ce a sake ta bayan kowace fuska, ko da yake mai ƙaramin ƙarfi yakan yi ta amfani da guda har ta cinye faifan. Ba kowane gida ke da shi ba. Kayan dagaci ne, da dillalin gyaɗa, da tela, da wanda ya dawo daga aikin soja ko cin rani. Amma faifai ɗaya yakan ishi unguwa, don da kaka in an sayar da amfani, ƙofar gidan mai garmaho takan zama dandali.

Shi makaɗi fa, me ya samu? A Afirka ta Yamma ta wancan lokaci, galibi kuɗi ake biya dunƙule ran da aka ɗauki waƙa, shi ke nan an rabu. Makaɗan Hausa da yawa ba su ɗauki abin da zafi ba, don abincinsu yana wurin iyayen gida da bukukuwa. Faifai a wurinsu ɗan aike ne mai kai suna inda ƙafa ba ta taka ba.

Bayan samun mulkin kai a 1960, kamfanin ya kafa reshensa na Nijeriya, da ɗakin ɗaukar murya a Apapa ta Ikko, aka kuma koma buga faifai a cikin ƙasa. Akwai wata alaƙa tasa da Arewa wadda ba kowa ya sani ba. Sa'ad da Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a watan Maris na 1962, da haɗin gwiwar kamfanoni biyu na Ingila aka yi, watau Granada da EMI. Rediyon Kaduna ya ɗauki makaɗa a kan tef ba tare da ƙuncin minti 3 ba, ya kai muryoyinsu kowane lungu. Wanda rediyo ya ɗaukaka, shi masu faifai ke nema. A wannan zamani ne faya-fayan Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa, da na Ɗan Maraya Jos mai kuntigi suka fito da tambarin EMI.

A ɗakin nan na Apapa ne Fela ya yi waɗansu faya-fayansa. A nan ne kuma Paul McCartney, ɗaya daga cikin mawaƙan Beatles, ya zo a 1973 ya ɗauki yawancin faifansa mai suna Band on the Run. Ambaton Beatles yana da dalili. A 1988 wani marubuci mai suna Mark Lewisohn ya fitar da littafi a kan aikinsu a ɗakin EMI na Abbey Road, bayan kamfanin ya buɗe masa takardunsa da tef-tef ɗinsa. Littafin ya bi su rana-rana tun daga zuwansu na farko ran 6 ga watan Yuni 1962: wace waƙa aka yi, sau nawa aka maimaita, ƙarfe nawa aka tashi. Kamfani ɗaya ne ya buga su ya buga Shata. Amma tarihin waƙoƙin Shata, wanda ya rasu ran 18 ga watan Yuni 1999, ya fi dogara ga bakin mutane. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, da suka fitar da littafin tarihinsa a 2006, sai da suka bi makaɗansa da iyalinsa da waɗanda ya yi wa waƙa suna tambaya. Aiki ne mai daraja, amma tunanin ɗan Adam yakan haɗa shekara biyu ya mai da su ɗaya. Ga Bakandamiya, alal misali, wadda Shata ya rera ba sau ɗaya ba, kowane karo da abin da ya ƙara ko ya rage. Mai son ya san yadda waƙar ta girma, dole ya san wace ce gaba wace ce baya.

ZUWAN KASET

Faifai bai daɗe yana cin kasuwarsa ba. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, sun karya cinikin da ya kawo garmaho ƙauye tun farko. A daidai lokacin ne kuma kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata, tsofaffin ma'aikata kuwa ba su manta abin da aka fi saye da su ba: babur da rikoda. Kaset, wanda kamfanin Philips ya ƙirƙiro a 1963, ba ya fashewa, yana shiga aljihu, yana aiki da batir, uwa-uba kowa na iya kwafarsa. Mai shago da rikoda biyu ya zama kamfani. Kafin a gama madatsar ruwan Watari a 1980, manoman yankin su shiga noman rani gadan-gadan, rikoda ta riga ta karɓe wurin garmaho a teburin mai shayi.

Kaset ya yi wa mai saurare alheri, ya kuma yi wa tarihi ɓarna. Kwafin kwafi ba ya ɗauke da lamba ko shekara, wani lokaci ko sunan waƙa babu. Akan cusa waƙar faifai da ta rediyo da ta gidan biki cikin kaset guda. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ta zo bayan aikin gama ya gama. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, da tsadar kayan waje bayan 1986, sun sa manyan kamfanonin faifai sun janye ɗaya bayan ɗaya. Reshen EMI na Nijeriya ya koma hannun 'yan ƙasa da sunan Ivory Music, uwar kamfanin kuma aka sayar da sashenta na faifai ga Universal a 2012. Waƙoƙin da ke yawo yau a wayoyin hannu jikokin kaset ɗin nan ne, shi ya sa ake samun waƙa ɗaya da suna uku.

Duk da haka hanya ba ta toshe ba. Ma'ajiyar EMI tana nan a Hayes, daga cikinta ne ma wani ƙaramin kamfani na Landan, Honest Jon's, ya sake fitar da waɗansu waƙoƙin Zonophone a 2008. A nan gida kuma waƙa kanta takan ba da shaida. In ta ambaci komawa tuƙi a hannun dama, ba ta riga 1972 da nisa ba. In ana kirga kari da naira maimakon fam da sule, an shiga 1973. In an kira mutum da sarautar da aka san shekarar naɗinta, an sami iyaka. Takardar faifai ma tana magana: ko an rubuta a Ingila aka buga ko a Nijeriya, wane tambari ne, lamba ta nawa ce. Lambobin kamfani a jere suke tafiya, saboda haka in an san shekarar faifai biyu, na tsakaninsu ya sami gurbi.

Wannan aiki bai fi ƙarfin ɗalibin Jami'ar Bayero ko malamin makaranta a Bagwai ba. Abin da ake bukata littafin rubutu ne, da haƙurin bin gidajen da aka san an taɓa yin garmaho. A rubuta duk abin da ke kan takardar faifai, da lambar da ke zane a jikinsa, da abin da mai gidan ya tuna na inda aka saye shi da shekarar. Ko faifan ya tsage, ko rana ta lanƙwasa shi har ba ya kaɗuwa, lambar tana karantuwa. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, da Gidan Arewa na Kaduna, wurare ne da suka dace a kai irin wannan rajista a haɗa ta da ta sauran garuruwa.