Iskar Ƙasan Rijiya: Abin da ke Kashe Mai Yasa da Mai Ceto

Idan bazara ta yi nisa, ruwan rijiyoyi ya ja baya har guga ya fara fitowa da laka, magidanta a karkara sukan nemi wanda zai shiga ya yashe musu rijiya, kuma ba a rasa jin labari iri ɗaya daga gidajen rediyo da hukumomin kashe gobara na jihohi, cewa mutum ya shiga rijiya bai fito ba, ɗan'uwansa ya bi shi domin ya ceto shi, shi ma ya yi shiru, wani lokaci har na uku ya bi sahu kafin jama'a su tsorata su ja da baya. Kafin a dawo daga maƙabarta magana ta riga ta zagaye gari cewa rijiyar tana da mutanen ɓoye, ko an haƙa ta a kan hanyarsu, ko kuma ta saba karɓar rai. Daga nan sai a cike ta da ƙasa ko a ƙaurace mata, a haƙa wata a gefe, a ci gaba da shiga sabuwar kamar yadda aka shiga tsohuwar, ba tare da an sauya komai a yadda ake aikin ba.

Samuwar aljanu ba ita ce abin tattaunawa a nan ba, domin imani da su bai hana mutum binciken sababin da yake iya gani da aunawa, kamar yadda imani da ƙaddara bai hana manomi ɗaure akuyarsa. Abin lura shi ne harshen Hausa yana kiran abin da ake shaƙa da kuma mutanen ɓoye da kalma ɗaya, wato iska, saboda haka mai cewa iska ce ta kama wanda ya shiga rijiya ya dace da kalmar, ma'anar da ya ba ta ce take kawar da hankalin jama'a daga abin da ya kamata a gyara. Illar wannan fassara a fili take, domin wanda ya ɗauka cewa matsalar ta aljanu ce zai yi addu'a ya shiga, alhali kuwa addu'ar tana buƙatar a haɗa ta da sabunta iskar da ke ramin.

Iskar da mutum yake shaƙa a sarari cakuɗa ce. Kimanin kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ce, wadda take shiga huhu ta fita ba tare da jiki ya amfana da ita ba, kashi 21 kuma oksijin ce, wadda jini yake ɗauka ya kai wa ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi. Hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta Amurka tana ɗaukar duk wurin da oksijin ta gaza kashi 19.5 a matsayin wurin da ba a shiga sai da shiri na musamman, idan kuwa ta sauka ƙasa da kashi 10 mutum yana iya suma, idan ta kai kashi 6 ko ƙasa da haka suman yakan zo cikin ƙasa da minti ɗaya. A ƙasan rijiya akwai abubuwa da yawa da ke cin oksijin dare da rana: ganye da tsummoki da ƙadangaru ko kaji da suka faɗa suka ruɓe, ƙananan halittun da ido ba ya gani waɗanda ke rayuwa a laka, saiwoyin bishiyoyi, har da tsofaffin gugunan ƙarfe da ke yin tsatsa, domin tsatsa ita kanta haɗuwar ƙarfe ce da oksijin. Yawancin waɗannan abubuwa suna fitar da wata iska a madadin wadda suka cinye, ita ce kabon dayoksaid, irin wadda mutum yake fitarwa idan ya yi numfashi.

A nan ne wurin da ya fi wuyar fahimta, domin ido yana nuna wa mutum cewa rijiyar a buɗe take, sama tana kallonta, don haka babu yadda za a yi iskar ciki ta bambanta da ta waje. Gaskiyar ita ce kabon dayoksaid ta fi iskar sarari nauyi da kusan rabi, saboda haka idan ta taru a rami mai zurfi da ƙaramin baki, inda babu abin da ke kaɗa ta, sai ta kwanta a ƙasa. Yadda gari yake kwanciya a gindin kwanon kunun da aka ajiye ba a dama ba, saman ya zama ruwa tsararo, haka ita ma take yi. Yadda ruwa yake zama a ƙasa man gyaɗa ya hau sama idan aka zuba su a kwalba ɗaya, haka iskar mai nauyi take zama a ƙarƙashin mai sauƙi. Wanda ya taɓa sauka kwari da asubar hunturu ya san cewa sanyin da ke can ƙasa ya fi na tudu, duk da cewa babu katanga a tsakaninsu. Rijiya tulu ce mai dogon wuya, iskar da ke kaɗawa a tsakar gida tana wucewa ta kan bakinta ne kawai, ba ta leƙa gindinta, kuma mai sauka yana nitsewa ne a cikin wani tafki da ba shi da launi ko wari tun kafin ƙafarsa ta taɓa ruwa. Duniya ta ga wannan ɗabi'a a mafi munin siffarta a daren 21 ga Agusta 1986, lokacin da tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin Kamaru ya saki kabon dayoksaid mai ɗimbin yawa, ta gangara cikin kwaruruka kamar ambaliya, ta kashe mutane fiye da 1,700 da dabbobi kimanin 3,500, yawancinsu a inda suke kwance.

Hujjar da ta fi ƙarfafa jita-jita ita ce a ce ai jiya ma an shiga wannan rijiyar an fito lafiya, ko kuma shekara goma wannan mutumin yana yasar ta. Amsar ita ce iskar rijiya ba ta tsayawa a hali ɗaya. Ƙasar da ke kewaye da ramin cike take da ƙananan kafofi masu ɗauke da iskar da ba ta da isasshiyar oksijin, kuma idan nauyin iskar sararin sama ya ragu, kamar yadda yakan faru idan yanayi zai sauya, sai iskar cikin ƙasa ta turo zuwa cikin rijiyar, idan ya ƙaru kuma sai ta koma. Haka nan lakar da ke gindi tana riƙe da iska kamar yadda kwalbar lemo take riƙe da nata, ba a ganin komai sai an girgiza, saboda haka mai yasa yana iya sauka lafiya, fatanyarsa ta farko ko ta biyu ce za ta saki abin da zai kayar da shi.

Shirun da wanda ya faɗi yake yi shi ma yana da bayani. Jikin mutum ba shi da ingantacciyar hanyar jin ƙarancin oksijin, abin da ke sa shi jin shaƙewa shi ne taruwar kabon dayoksaid a jini, don haka a ramin da oksijin ce kawai ta yi ƙasa mutum yakan ji jiri ko kasala na ɗan lokaci, hannunsa ya saki igiya, ya faɗi ba tare da ya yi ihu ba. Inda kuma kabon dayoksaid ta yi yawa sosai, sumewar takan riga tunanin neman taimako. Ƙarfi ko jarumta ba su da tasiri a nan, kuma riƙe numfashi ba dabara ba ce, domin mai sauka da igiya yana ƙoƙarin ɗaga mutum cikakke ba zai daɗe ba sai ya ja numfashi mai zurfi, wanda shi ne zai kwantar da shi a kan wanda ya zo ceto. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta yi gargaɗi a 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na waɗanda ke mutuwa a ramuka da tankuna da makamantansu masu ƙoƙarin ceto ne. Babu wanda zai zargi uban da ya bi ɗansa cikin rijiya, amma laifi yana kan al'ummar da ta ga haka sau da yawa ba ta koya wa mutanenta cewa ana ceto ne daga sama ba.

Zamani ya ƙaro wani haɗari da kakanni ba su sani ba, shi ne injin ban ruwa mai amfani da fetur. Saboda irin wannan inji ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, masu yasa sukan ɗaure shi da igiya su zura shi cikin rijiyar, ko su ajiye shi a baki da salansa tana kallon ramin. Hayaƙinsa yana ɗauke da kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kama sinadarin jini mai ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, ta yadda jinin zai ci gaba da zagayawa amma ba ya kai wa ƙwaƙwalwa komai. Ita ce dai iskar da ke kashe iyalai a ɗakunan da aka kwana da janareta a kunne. Kashe injin bai kawar da ita, tana nan a ramin, kuma wanda ya sauka domin ya gyara tiyo bayan an kashe inji ya shiga wurin da ya fi ɗakin janareta muni.

Tsofaffin mahaƙa a ƙasashe da dama sukan zura fitila mai wuta kafin su sauka, idan ta mutu su fasa. Wannan hikima ce ta gaske, kuma abin takaici ne yadda tocila da hasken waya suka maye gurbinta, domin su ba sa mutuwa komai munin iskar. Sai dai fitilar ma tana da iyaka da ya kamata a sani. Harshen wuta yakan ci gaba da ci har oksijin ta sauka zuwa kimanin kashi 16 ko 17, wato ƙasa da ma'aunin aminci, kuma ba ya nuna kabon monoksaid ko kaɗan, yana iya ci da kyau a iskar da za ta kashe mutum cikin mintuna. Wannan ne ya sa masanin nan ɗan Birtaniya John Scott Haldane ya ba da shawara a shekarun 1890 cewa masu haƙar kwal su riƙa shiga da ƙananan dabbobi masu saurin nuna alama, aka yi ta amfani da tsuntsun kanari a Birtaniya har zuwa 1986, lokacin da na'urorin auna iska suka karɓi aikin. Mutuwar fitila hujja ce ta kada a shiga, amma rashin mutuwarta ba izinin shiga ba ne. A masai da sokawe kuwa ba a kusantar da wuta sam, domin iskar da ke taruwa a can tana kamawa, kuma a cikinta akwai haidirojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa take kashe jijiyar jin wari, mutum ya ɗauka warin ya tafi, sannan ta kayar da shi da shaƙa ɗaya ko biyu. Waya ko kuɗin da ya faɗa masai ya riga ya tafi.

Abin da aikin yake buƙata bai fi ƙarfin ƙauye ba. Ana buɗe rijiyar tun da wuri, a tura sabuwar iska har gindi da fanka ko zugazugin maƙeri da aka haɗa da dogon tiyo, a ci gaba da turawa muddin akwai mutum a ciki, inda babu waɗannan kuma a ɗaure reshe mai ganye da yawa a yi ta zura shi ana jawowa, ko da yake wannan bai kai na farko inganci ba. Inji ya tsaya nesa da baki, a ɓangaren da iska take kwashe hayaƙinsa. Mai sauka ya ɗaura igiya ta musamman a ƙirji da cinyoyi, ba a ƙugu kaɗai ba, ƙarshenta a hannun maza aƙalla uku da ba su da wani aiki sai riƙonta, suna yi masa magana ba ƙaƙƙautawa, da zarar amsarsa ta yi jinkiri ko maganarsa ta sarƙe su jawo shi ba tare da neman yardarsa ba. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba oksijin, kuma motar 'yan kwana-kwana da za ta taso daga babban gari ba za ta iso ƙauye cikin wannan lokaci ba, saboda haka igiyar da aka ɗaura tun kafin sauka ita ce ceton da ake da shi.

Hukumomi suna da nasu kason. Sanarwar da aka saba ji bayan kowane hatsari ita ce a rufe bakin rijiyoyi, wadda shawara ce mai kyau domin yara, amma ba ta ce komai ga wanda sana'arsa ita ce sauka, hasali ma rijiyar da ta daɗe a rufe ta fi buƙatar a sabunta iskarta. Hukumomin samar da ruwa a karkara da jami'an duba-gari sun san masu haƙa da yasa a kowace gunduma, ko kuwa dagatai da masu unguwanni za su iya tara musu su cikin yini ɗaya, kuma horon rabin yini tare da na'urar auna iska guda ɗaya da za a riƙa ara a kowace ƙaramar hukuma ba zai girgiza kasafin kuɗin kowa ba.

Wanda aka fito da shi a sume a kwantar da shi a sarari, jama'a su ja baya, a kuma guji shigar da shi ɗaki a turnuƙe shi da hayaƙin turare, domin huhunsa iska mai tsabta yake nema. Idan ba ya numfashi a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, kimanin sau 100 zuwa 120 a minti, ana neman abin hawa. Ko da ya farfaɗo ya ce ya warware a kai shi asibiti, saboda haidirojin salfaid tana iya tara ruwa a huhu bayan sa'o'i, illar kabon monoksaid ga ƙwaƙwalwa kuma tana iya bayyana bayan kwanaki ko makonni.