Yara Da Wasiƙar Ɗan Majalisa

Wani manomi mai sauraronmu ya aiko da tambaya. Ya ce an ba ɗansa na ƙaramar sakandare aikin rubuta wa ɗan majalisa wasiƙa, shin wannan ba tsoma yara cikin siyasa ba ne?

To Malam, kwantar da hankalinka. Abin da ake koya musu shi ne, wakili ɗan aike ne, jama'a suka tura shi. Wanda ya yi aike kuwa yana da ikon tambayar ina aka kwana.

Da farko yaro zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Rumfunan kasuwa, mahauta da magudanar ruwa aikin ƙaramar hukuma ne, sai a nemi kansila. Asibitin jiha, ɗan majalisar jiha. In maganar tarayya ce, akwai wakilai 360 da sanatoci 109 a Abuja.

Sannan wasiƙar kanta: kwanan wata, sunan ƙauye, matsala ɗaya tak, da abin da ake so a yi. Ban da zagi, ban da roƙon kuɗi. Mutane su sa hannu ko su dangwala yatsa, a kai ofishinsa na mazaɓa, a ajiye kwafi.

In wakili ya toshe kunne fa? Sashe na 69 na tsarin mulkin 1999 ya ba da damar yi wa ɗan majalisar tarayya kiranye, muddin fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓarsa sun sa hannu, aka kuma yi ƙuri'ar raba gardama.

Saboda haka Malam, ka zaunar da yaron nan, ku rubuta ta ƙauyenku tun kafin damina ta kankama. Allah ya sa a dace.