Inda Doka Ke Tambayar 'Yan Haya: Mene Ne Tsakaninku?

A garuruwa da dama na Amurka, abokai huɗu za su iya kama hayar gida mai ɗaki biyar, su biya kuɗin wata cif-cif, amma wata rana sai ga takardar tara daga hukumar gari. Laifinsu ɗaya ne: babu jini ko aure a tsakaninsu. Dalili kuwa, an keɓe wasu unguwanni a matsayin na "iyali ɗaya", sannan doka ta ƙayyade yawan baren da za su zauna a gida guda, sau da yawa mutum biyu, uku ko huɗu.

Shari'ar da ta ɗaure wa wannan tsari gindi ta taso ne daga Belle Terre, wani ƙauye mai gidaje wajen 220 a tsibirin Long Island na jihar Niyok. Ɗalibai shida na jami'ar Stony Brook suka kama gida ɗaya, alhali dokar ƙauyen ba ta yarda bare su wuce biyu ba. Magana ta kai Kotun Ƙoli, kuma a 1974 alƙalai bakwai cikin tara suka ba ƙauyen gaskiya, bisa hujjar cewa gari na da ikon kare natsuwar mazauna da rage cinkoson motoci. Mai shari'a Thurgood Marshall bai yarda ba. Ya nuna cewa a ƙarƙashin wannan doka dangi goma sha biyu za su iya cunkushewa a ɗan ƙaramin gida, amma tsofaffi uku da suka yi ritaya ba su da damar zama tare a katafaren gidan da ke maƙwabtaka da shi.

Abin ya taɓa shiga har cikin dangi. A garin East Cleveland na jihar Ohayo, an gurfanar da wata kaka, Inez Moore, saboda tana riƙon jikokinta biyu waɗanda ba uba ɗaya suke ba, ɗayansu ma ya dawo hannunta ne bayan rasuwar mahaifiyarsa. Aka yanke mata kwana biyar a gidan yari da tarar dala 25. A 1977 Kotun Ƙoli ta soke dokar garin, da ƙyar ma, biyar da huɗu.

Masu goyon bayan irin waɗannan dokoki suna da kukansu: hayaniyar dare, tarin shara, motoci sun toshe layi. Sai dai kowanne daga cikin waɗannan akwai dokar da za ta hukunta shi kai tsaye. Waɗanda suka fi jin jiki da dokar ƙayyade bare su ne ɗalibai da ƙananan ma'aikata, waɗanda sai an yi karo-karo suke iya biyan haya.

Tsadar gidaje ta sa wasu jihohi sun fara sauya hanya. Washinton da Oregon sun hana irin wannan ƙayyadewa a 2021, Kolorado ta bi sahu daga 1 ga Yuli, 2024, inda yanzu lafiya da tsaron gida ne ma'auni. Amma a wurare da yawa tsohuwar doka na nan daram. Don haka duk mai shirin zuwa karatu ko aiki Amurka, ya tambayi dokar garin kafin shi da abokansa su sa hannu a takardar haya.