Ajiye Karatu Zango Bai Ƙare Ba

 Shirinmu na yau a kan ɗalibin jami'a ne da ya ajiye karatu a tsakiyar hanya, ko ya janye daga wani kwas zango bai ƙare ba, da abin da hakan ke jawo masa a aljihu da kuma a takardar sakamako.

Duk majalisar samarin da aka taɓo wannan magana, ba a rasa mai kawo sunan Steve Jobs. Labarin kuwa akwai daɗin ji. A 1972 ya shiga kwalejin Reed da ke birnin Portland a Amurka, makaranta mai tsadar gaske, alhali iyayen da suka riƙe shi masu ƙaramin ƙarfi ne, ɗan abin da suka tara yana ta zurarewa a kuɗin makaranta. Wata 6 ya yi ya janye. Amma fa bai bar harabar ba. Ya ƙara kusan shekara ɗaya da rabi yana shiga ajin da ya ga dama. Ba shi da ɗaki, sai kwanan ƙasa a ɗakunan abokai. Yakan tattara kwalaben Coca-Cola ya mayar, a ba shi senti biyar-biyar ya sayi abin kai wa baka. Daren Lahadi kuma ya taka sayyada mil 7 zuwa wurin ibadar 'yan Hare Krishna, don ya ci mai kyau ko da sau ɗaya ne a mako. A wannan zaman ne ya faɗa ajin ƙawata rubutu, irin abin da almajiri zai kira zayyana, ilimin da ya ce ya yi masa rana a kwamfutar Macintosh ta 1984. Shi da bakinsa ya ba da labarin a jami'ar Stanford a 2005.

Na biyu da ake kawowa shi ne Bill Gates. A nan ne akwai wani ɗan abu da masu ba da labarin ke tsallakewa. Da Gates zai bar Harvard a 1975 don su kafa Microsoft shi da Paul Allen, ba sulalewa ya yi ba. Izinin jingine karatu ya karɓa a hukumance. Sunansa na nan a littafin makaranta, in kasuwa ta ƙi, kujerarsa na jiransa. Ga kuma uba babban lauya a Seattle. Bai koma ba, sai a 2007 Harvard ta kira shi ta ba shi digirin girmamawa, bayan shekara 32. Amma a riƙe wannan: da takarda ya fita.

To, sauran fa? A Amurkar, waɗanda suka shiga manyan makarantu suka fito hannu rabbana sun haura miliyan 40, bisa ƙididdigar cibiyar National Student Clearinghouse. Ba wanda ya gayyace su yin jawabi a Stanford.

Ga yadda lissafin yake a can. Tallafi da bashin karatu na gwamnatin tarayya, dokar da ta samo asali daga 1965 ke tafiyar da su, kuma a idon hukuma ɗalibi bai mallaki kuɗin nan a ranar da aka biya ba. Kullum ya kwana a makaranta yana cin rabonsa ne kaɗan-kaɗan, kamar ɗan ƙwadago. A ɗauka zangon kwana 100 ne, yaro ya janye a rana ta 30. Kashi 30 ya halatta gare shi, kashi 70 sai an mayar wa gwamnati. Makaranta za ta mayar da abin da ke hannunta, sannan ta juyo kansa da takardar bashi, don sau da yawa a lokacin wa'adinta na mayar da kuɗin makaranta ya riga ya wuce. In kuwa ya daure ya haye kashi 60 na zangon, kuɗin duka sun zama nasa, ba a mayar da ko sisi.

Kashi 60. A zangon kwana 100, wanda ya sa hannu a takardar janyewa a rana ta 59 da wanda ya sa a rana ta 61, kwana biyu ne tsakaninsu, amma ɗaya na iya fita da bashin dubban daloli.

Wannan aljihu ke nan. A takardar sakamako kuma haruffa biyu ne, W da F. A makonnin farko na zango ana iya sauke kwas ba tare da ya bar tabo ba. Bayan nan, wanda ya cike fom kafin wa'adi sai a rubuta masa W, alamar ya janye, kuma ba ta taɓa matsakaicin makinsa. Wanda ya daina zuwa aji kawai, ya kashe waya ya yi kwanciyarsa, F ce ke jiransa, sifili, ta ja makin ƙasa. Sai dai ita ma W ɗin ba kanwar lasa ba ce. Makarantu da yawa suna so ɗalibi ya kammala kusan kashi 67 na duk kwasa-kwasan da ya yi wa rajista, kuma kowace W a cikin lissafin take. Su taru, a tsayar da tallafi. In kuma karatunsa ya yi ƙasa da rabin yadda aka ƙayyade, agogon biyan bashi ya fara bugawa: wata 6 kacal ake ba shi kafin ya fara biya.

Baƙon ɗalibi, irin 'ya'yanmu da ke can, nasa ya fi tsanani, domin bizarsa a jikin rajistarsa take. Mai digirin farko a Amurka sai ya riƙe kiredit 12 a zango. Ya sauke kwas ɗaya ya faɗo ƙasa da haka ba da izinin jami'in kula da baƙin ɗalibai ba, zamansa a ƙasar ya shiga garari. Ya janye gaba ɗaya da izini, kwana 15 ake ba shi ya tattara komatsansa. Ba izini, ko kwana ɗaya babu.

Wani lokacin ma ba ɗalibin ke janyewa ba, janye shi ake yi. A watan Mayun 2024 labari ya fito daga jami'ar Teesside da ke Middlesbrough a Ingila, inda wasu ɗalibai 'yan Najeriya suka kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci. Ba wasa suka yi da kuɗin ba. Naira ce ta zube: dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,400 cikin shekara guda, ajiyarsu ta narke a banki suna kallo. Aka cire wasunsu daga karatu, aka sanar da ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, takardar barin ƙasa ta biyo baya.

Lokaci na neman yi mana halinsa, ga gida ba mu taɓo ba. A taƙaice, jami'o'in Najeriya ma suna da fom na ƙara kwas ko sauke shi a farkon zango, kuma akwai jingine karatu, wanda ake nema a rubuce ta hannun shugaban sashe. Wanda ya yi rajistar kwas ya ƙi zaman jarrabawa ba uzuri, ya ɗauko wa kansa kari-oba. Tun watan Afrilun 2024 da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar bashin karatu, asusun NELFUND na biya wa ɗalibai kuɗin makaranta kai tsaye zuwa asusun jami'a. Babu ruwa a kai, amma sunansa bashi, kuma a kan ɗalibin aka rubuta shi.